Shagon gwanjon da ya haɗa mini kayan hawan Chappal Waddi

Tun bayan babbar salla ni da abokaina biyu muke shirin tafiyar ƙafa ta kwanaki zuwa ƙololuwar Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, wanda yake cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Wanda ya tashi a Sakkwato, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ya ajiye takalmi ko jakar irin wannan tafiya, shi ya sa na nufi wani shago a layin 'yan gwanjo na babbar kasuwa, inda wani dattijo yake sayar da takalma da jakunkunan goyo.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon bai yi gaggawar sayar mini da komai ba. Na ɗauki wani takalmi mai sheƙi da ya kwanta mini a rai, sai ya karɓa, ya lanƙwasa tafinsa, ya danna farce a gefe, robar ta marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. "Ƙanena, wanga takalmi ya daɗe a ajiye, ba zai kai ka kwana biyu ba," in ji shi. Ya zaɓo wani na fata mai rufe idon sawu, ya ce in dawo bayan la'asar da safa mai kauri, domin ƙafa takan ɗan kumbura idan an wuni ana tafiya, kuma a gangara yatsu suna dukan gaban takalmi har farce ya mutu. Da na dawo, ya sa na tura ƙafata gaba ba tare da na ɗaure igiya ba, ya zura yatsansa a bayan dunduniyata, sai da ya ga ya shige sannan muka shiga ciniki. Mako shida ke nan ina taka wannan takalmi kowace safiya bayan asuba, ban samu ko bororo ɗaya ba.

Jakar da na saya mai cin lita 60 ce, tana da ɗamara mai faɗi wadda take sauke nauyi a kan ƙugu maimakon kafaɗa. Ya nuna mini wani ɗinki da ya fara saki a hannunta tun kafin in gani, ya rage kuɗin, kuma tela ya gyara shi a ranar.

Inda shagon ya gaza shi ne kayan sanyi da na ruwa. Buhun barci, wato irin bargon da mutum yake shiga cikinsa ya ja zif ya kwana, guda ɗaya na tarar, shara-shara, zif ɗinsa kuma yana cijewa, alhali daren saman dutse a lokacin hunturu ba irin sanyin da muka saba da shi a gida ba ne. Babu rigar ruwa, babu tanti, babu fitilar goshi mai inganci. Mai shagon bai ɓoye ba, ya ce irin waɗannan kaya ba su da masu nema a nan, don haka ba ya saro su.

Duk mai irin wannan shiri zai iya dogara da shagon a kan takalmi da jaka, da sharaɗin ya je da wuri, aƙalla wata biyu kafin tafiya, domin kaya suna zuwa ne dila-dila kuma ba kullum ake dacewa da lambar ƙafar mutum ba. Mu mun tsayar da watan Janairu, lokacin da rafuka suka ja baya, kuma za mu fara biyawa ta hedkwatar gandun da ke Serti domin neman izini da ɗan jagora. Buhun barci da tanti kuwa na aika a nemo mini su daga Abuja.