Manhajar YouVersion: ta dace da mai neman salama a karatun safe?

Cocin Life.Church da ke Oklahoma a Amurka ce ta fitar da wannan manhaja ta Littafi Mai Tsarki a 2008. Kyauta ce, babu talla a ciki, kuma tana ɗauke da juyin Hausa fiye da ɗaya. Ga mai son ya zauna shiru da Maganar Allah kafin gida ya tashi, tana da amfani sosai, amma sai an rage mata surutu.

Da zarar ka saka ta a waya, buɗe asusu da imel, shiga wurin zaɓen juyi, nemo Hausa, ka sauke juyin gaba ɗaya. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa. Idan ba ka sauke ba, dole ka kunna data kafin ka karanta, data kuwa na kunnuwa saƙonnin WhatsApp za su yi ta shigowa, kafin ka kai aya ta uku hankali ya tafi kasuwa. Sauke shi, kashe data, sannan ka buɗe. A ƙara girman rubutu domin iyayenmu masu raunin ido.

Inda na fi damuwa shi ne ayar yini da manhajar ke fitarwa kullum. Aya guda ce ake tsinkowa, a ɗora ta kan hoto mai kyau, ta yi daɗin turawa. Amma ɗauki Filibiyawa 4:13, wadda kowa ya haddace, cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni. Ita kaɗai, sai ka ɗauka alkawarin nasara ce a kasuwanci ko jarrabawa. Koma aya ta 11 da ta 12: Manzo Bulus yana tsare a kurkuku, yana cewa ya koyi wadar zuci, da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Koya ya yi, a hankali. Saboda haka duk ayar da ta fito, taɓa ta ka karanta surar dungum. Filibiyawa sura huɗu ce kacal, minti ashirin sun isa.

Akwai kuma lissafin kwanakin da ka buɗe manhajar a jere. Ka tsallake yini ɗaya don rashin wuta ko jinya, lissafin ya koma farko, sai mutum ya ji kamar ya yi wa Ubangiji laifi. Kada ka kula da shi. Kashe duk sanarwa, ka bar tunatarwa guda ta lokacin da ka tsayar.

Tsare-tsaren karatu da ke cikin manhajar galibinsu da Turanci suke. Gara ka shirya naka: Zabura 23, Zabura 131 mai aya uku tak, Matiyu 6:25-34, 1 Timoti 6:6-8, Ibraniyawa 13:5. Guda ɗaya a yini, karanta sau biyu, na biyun da murya ƙasa-ƙasa, ka yi shiru na minti biyar kafin addu'a. Kwatanta juyi biyu gefe da gefe yana warware kalma mai wuya.

Sauraron karatu da murya yana cin data da batir. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, ya fi mata sauƙi jikarta ta zauna kusa da ita kan tabarma ta karanta mata.