Montesa Cota 4RT 260: babur mai nauyi a wasan da ake gudun nauyi

Wanda ya fara ganin Montesa Cota 4RT zai iya ɗauka ba a gama haɗa shi ba, domin ba shi da sirdi, tankinsa bai wuce lita 2 ba, kuma tsakiyarsa a lotse take har kusan tayar baya. Haka aka ƙera shi da gangan, saboda a tsaye ake tuƙa shi. Babur ne na wasan tirayal, wasan da ba a tambayar wanda ya riga isowa. Masu shirya gasa sukan killace wasu gajerun wurare masu wuyar bi da igiya da tutoci, kamar gangaren dutse, ko cikin rafi mai tsakuwa, ko hawa mai saiwoyin itace, sai mahayi ya ratsa kowane sashe ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Alƙali yana tsaye a gefe yana lura. In mahayi ya dafa ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki ɗaya. Sau biyu, maki biyu. Sau uku ko fiye, maki uku. In kuwa ya faɗi, ko ya fita daga iyaka, ko ya kasa ƙarasawa, maki biyar ne. Wanda ya fi ƙarancin maki a ƙarshen yini shi ne gwani. Da wannan ma'auni ya kamata a auna babur ɗin, ba da gudunsa a kan kwalta ba.

Kamfanin Montesa an kafa shi a Basalona ta ƙasar Sifaniya a 1944, kuma sunan Cota yana kan baburansa na tirayal tun 1968. Daga 1986 kamfanin ya koma ƙarƙashin Honda, ana kuma haɗa baburan a Santa Perpètua de Mogoda, kusa da Basalona. Abin da ya raba 4RT da takwarorinsa shi ne injinsa. Tun a 1965, lokacin da Sammy Miller ya hau Bultaco Sherpa T ya kauce wa manyan baburan Birtaniya masu nauyi, inji mai bugu biyu ne ya mamaye wasan, kuma har yau shi ne a cikin yawancin baburan GasGas da Beta da Sherco da TRRS da Vertigo. Montesa ta juya wa wannan hanya baya da ta fito da 4RT a samfurin 2005 da inji mai bugu huɗu na Honda, mai girman cc 249, wanda aka faɗaɗa zuwa kusan 259 a samfurin 2014. Bambancin ba baƙo ba ne ga wanda ya san tsofaffin Suzuki masu hayaƙi da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wato masu bugu biyu, ya kuma san Bajaj Boxer mai bugu huɗu da ya gaje su a titunanmu.

A ganina, injin nan shi ne dalili na farko kuma mafi ƙarfi na sayen babur ɗin. Ba shi da kafireto. Na'urar Honda mai suna PGM-FI ce take fesa fetur gwargwadon buƙata, kuma tana aiki ba tare da batir ba, da wutar da injin yake samarwa tun daga bugun kik. Amfanin wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa kwance kafireto a bakin fili saboda sanyi ya sauko ko an hau tudu mai tsayi: 4RT yana daidaita kansa da yanayi da tsayin wuri, totur ɗinsa kuma yana amsawa iri ɗaya da safe da yamma. Inda ya fi burge ni shi ne a kan dutse mai santsi. Mahayi yana tsaye a kan matakai, yatsa ɗaya a kan kuloci, ɗaya a kan birkin gaba, tayar baya mai iska kaɗan ƙwarai ta baje a kan dutsen kamar za ta rungume shi, sai ya murɗa totur a hankali. A nan injin ba ya zabura. Yana tura tayar da bugu mai nauyi a jere, tayar ta kama, babur ya haura. Amma wannan kyauta tana da sharaɗi, domin wanda ya saba fizgar totur yana sakewa zai ga tayar tana juyawa a banza. Babur ɗin yana son hannu mai natsuwa da totur da aka riƙe a wuri ɗaya, kuma mutumin da ya baro mai bugu biyu yana buƙatar lokaci kafin hannunsa ya koyi hakan.

Tayar da shi ma sai an koya. Ba a taɓa totur ko kaɗan, kuma ba a yi masa bugun fushi. Ana ɗora ƙafa a kan kik, a danna shi da nauyin jiki a tsanake tun daga sama har ƙasa, domin a ba na'urar lokacin tara wutar da za ta motsa famfon mai da ke cikin tanki. Wanda ya yi haka zai ga ya tashi cikin sauƙi, ko injin da zafi ko da sanyi. Akwai kuma wani abu da sababbin masu shi suke yawan ɓatawa da hannunsu. Gudun injin a tsaye an tsara shi ya kasance wajen juyi 1,800 a minti, wanda a kunnen wanda bai saba ba yake jin kamar ya yi yawa. Sai mutum ya rage shi don ya ji daɗin sauti, daga nan babur ya fara wuyar tashi yana mutuwa a tsakiyar sashe, alhali mutuwar inji a irin wannan wuri sau da yawa maki biyar take jawowa. Shawarata ita ce a bar shi inda littafin kamfani ya ce, a kuma auna shi da na'ura maimakon a dogara da kunne.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, kuma aibin babba ne a wannan wasa. Nauyinsa ya kai wajen kilo 73 ba tare da mai ba, yayin da yawancin masu bugu biyu ba su kai 70 ba. A takarda bambancin ƙanƙane ne, amma mahayin da yake son ɗaga tayar gaba ya ajiye ta gefe, ko ya yi tsalle da tayar baya don gyara tsayuwa a gaban dutse, zai ji kowane kilo a kafaɗunsa kafin la'asar. Haka kuma idan babur ya kwanta a cikin kwazazzabo aka zo jawo shi. Bayan nauyi akwai riƙon da inji yake yi idan an saki totur, wanda ya fi na mai bugu biyu ƙarfi. A gangara mai tsawo wannan taimako ne, domin babur ba ya kuɓucewa, amma a ƙaramar kwana yana iya jefa nauyin mutum gaba ba shiri in bai tare shi da kuloci ba. An rage wannan riƙo a samfurin 260 idan aka kwatanta da na farko, sai dai bai ɓace ba. Giyarsa biyar ce, ukun farko a kusa da juna don aikin sashe, sauran don tafiya tsakanin sassa, kuma ban ga abin zargi a nan ba.

Batun kula da shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai, domin a nan ake gane ko mutum ya dace da wannan babur. Injin yana da mai iri biyu a ɗakuna biyu: baƙin man inji daban, man giya da kuloci daban, kowanne bai kai lita ɗaya ba. Tsari ne mai kyau, saboda dattin da kuloci yake zubarwa ba ya shiga inda fistin da bawul suke, amma ƙarancin man yana nufin ba a yi masa jinkirin juye. Man giya kuma yana da tasiri kai tsaye a kan halin kuloci, har mai shi yakan ji bambanci a yatsarsa idan ya sauya iri, don haka ya fi kyau a tsaya a kan wanda kamfani ya ambata. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne sauya matatar baƙin mai, domin tana bayan murfin inji na hagu. Sai an sauke farantin da ke kare cikin inji daga duwatsu, an juye mai, an kwance kusoshin murfin an jera su yadda aka ciro su tunda tsayinsu ba ɗaya ba ne, sannan a janye murfin a hankali yayin da maganaɗisun ciki yake jan sa baya. Wanda zai yi wannan aiki ya tanadi sabon gasket tun kafin ya fara, kuma ya lura da fuskar da matatar take kallo kafin ya cire tsohuwar. Ba aiki ne da ya gagari mai haƙuri ba, amma na so a ce masu ƙira sun sa matatar a inda hannu zai kai gare ta da kusoshi biyu. Akwai kuma duba tazarar bawul lokaci-lokaci, aikin da mai bugu biyu ba shi da shi sam.

A madadin wannan wahala, mai shi yana samun inji da ya yi suna wajen daɗewa ba a buɗe shi ba, ba ya haɗa fetur da mai a galan, ba ya fama da fulogi mai baƙi. Ingancin haɗin ma abin yabo ne, tun daga firam ɗin alminiyam har zuwa kusoshi da wayoyin wuta. Sauran hidimar kuwa ta kowane babur ɗin tirayal ce: a wanke soson matatar iska a shafa masa mai bayan kowace fita, a duba sarƙa, a riƙa sa giris a boris ɗin ƙafafu da na mahaɗin shokazoba na baya, waɗanda ruwa da laka suke ci a ɓoye. Injin wanki mai ƙarfin feshi yana tura ruwa cikin waɗannan boris, saboda haka a nisanta bakinsa daga gare su. Fetur kuma lallai ya zama mai tsabta, domin famfo da bakin feshi ba sa jure datti yadda kafireto yake jurewa, kuma gyaransu ba na gindin bishiya ba ne.

A fagen gasa, shaidar da na fi ba nauyi ba ta gasar duniya ba ce. Ita ce gasar kwana shida ta Sikotland, wadda aka fara a 1909, ƙungiyar Edinburgh and District Motor Club take shiryawa a garin Fort William a farkon watan Mayu. A can mahayi yana ratsa sassa wajen 30 a kowace rana, yana keta dausayi da duwatsu da rafuka masu sanyi a tsakaninsu, baburan kuma suna kwana a killace, ba a ba mutum damar taɓa nasa sai na ɗan lokaci da safe. A 2007 James Dabill ya ci wannan gasa a kan 4RT, karo na farko da inji mai bugu huɗu ya yi nasara a can tun bayan Alan Lampkin a kan BSA a 1966. Gasa irin wannan tana gwada ainihin abin da mai saye yake buƙata, wato babur da zai tashi kowace safiya ya kai yamma lafiya. Akwai wani abu guda da ya shafi masu shirya ƙananan gasa, wanda bai kamata a raina ba. Sautin 4RT mai kauri ne, yana tafiya nesa fiye da na mai bugu biyu, kuma yawancin ƙungiyoyi da izinin masu gonaki da dazuzzuka suke samun filin wasa. Mai wannan babur da ya bar salansarsa ta lalace, ko ya cire abin da ke rage ƙara don neman ƙarfi, yana iya jawo wa ƙungiya duka asarar fili, kuma fili ya fi babur wuyar samu.

Ba a maganar Montesa a tsallake Toni Bou, wanda ya koma ƙungiyar Repsol Honda a 2007, ya kuma ci kambin duniya na fili da na cikin zaure a kowace shekara daga lokacin har 2024, wato 18 a kowane ɓangare. Kafin shi Dougie Lampkin ya ci wa kamfanin kambi huɗu a jere daga 2000 zuwa 2003, sannan Takahisa Fujinami ya ci a 2004, dukansu a zamanin inji mai bugu biyu. Tarihi ne mai girma, amma ina jan hankalin mai saye kada ya sa shi a lissafinsa. Babur ɗin Bou na masana'anta ne, an gina shi don mutum ɗaya, da makanikai a bayansa. Wanda ke cikin shago ɗan'uwansa ne na nesa. Haka nan ban ga dalilin da zai sa matsakaicin mahayi ya ƙara kuɗi ya sayi babban samfurin Cota, wato 301RR mai cc 298, ba, domin ƙarfin 260 ya riga ya wuce abin da yawancin sassan gasar ƙungiya suke nema, kuma ƙarin ƙarfi a hannun da bai ƙware ba ƙarin maki ne.

Matashin da burinsa tsalle-tsalle a kan manyan duwatsu da hawa matakin ƙwararru zai fi samun sauƙi da mai bugu biyu mara nauyi, haka ma yaro ko mai ƙaramin jiki da yake farawa. Wanda 4RT 260 ya dace da shi shi ne mahayin da yake fita gasar ƙarshen mako, yake son riƙe babur ɗaya shekaru da yawa, kuma ba ya ƙyashin zama a gareji da sifana. Mai son yawon daji da wurin zama ya dubi 4Ride, wanda aka gina a kan tushe ɗaya da sirdi da tanki mafi girma. Idan na hannu za a saya, a fara da kallon ƙasan babur kafin fentinsa. A duba farantin kariya ko ya lanƙwashe har ya matse robar da ke tsakaninsa da inji, domin idan robar ta mutu, dukan dutse yana isa jikin injin kai tsaye. A ɗaga tayar baya a girgiza ta don jin ko boris sun saki, a nemi a tayar da injin yana da sanyi, a bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta, sannan a tambayi mai shi yaushe ya sauya matatar baƙin mai da kuma irin man da yake zuba wa giya.