Zuwa ga ƙannena ɗaliban kasuwanci na Jami'ar Usmanu Danfodiyo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da yawa daga cikinku sun tambaye ni ko Malesiya ta cancanci wahalar mai neman digiri na biyu a fannin kasuwanci. Ta cancanta, musamman ga wanda zuciyarsa ke kan harkar kuɗi ta Musulunci.

Ƙasar ta buɗe bankin Musulunci tun 1983, shekarar da aka kafa jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa (IIUM) wadda yanzu take Gombak, alhali mu sai a 2012 bankin Jaiz ya fara aiki. Babban bankinsu ya kafa makarantar INCEIF a 2005 domin koyar da wannan fanni kaɗai, kuma da Turanci ake karatun. Sukuk, wato takardun zuba jari marasa riba, irin wanda gwamnatinmu ta fara sayarwa a 2017, na naira biliyan 100, a nan Malesiya tsohon ciniki ne, saboda haka abin da muka haddace a takarda a Sakkwato za ku tarar ana aiwatar da shi kullum a bankuna da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Wannan ne ya fi burge ni.

Ɗauke wuta abu ne mai wuya, intanet tana da ƙarfi, kuma da katin Touch 'n Go ake biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas. Shinkafa da kaza da man girki suna da sauƙi, kuma tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, yana kwantar da hankalin mai saye. Amma nama yana da tsada, yawancinsa daskararre ne daga ƙasashen waje, ko kusa bai kai na kasuwar Kara ta Sakkwato daɗi ba. Albasar da muke gani buhu-buhu daga Goronyo da Wurno, a nan irinta daga wasu ƙasashe ake shigo da ita, ana aunawa da kilo. Gero kuwa sai an sha nema.

Inda nake so ku natsu shi ne batun aiki. Dokar ƙasar ba ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki ba sai lokacin hutu, shi ma kada ya wuce awa 20 a mako, kuma da izini. Don Allah kada kowa ya sa mahaifinsa ya sayar da gona da tunanin zai riƙa biyan kuɗin makaranta da guminsa. Ku tanadi kuɗin shekara guda tukuna, ku nemi gurbi kai tsaye daga jami'a ba ta hannun dillalai ba, domin ita ce za ta shigar muku da takardun biza ta hannun EMGS, hukumar da ke karɓar takardun bizar ɗalibai baƙi.