Injin kwale-kwalenmu da Baba mai gyara na wajen Ƙofar Ruwa

Da farko na yi niyyar yabon dattijon nan ne kawai, amma bari na faɗi yadda abin ya kasance.

Muna da kwale-kwale a dam ɗin Tiga, ƙanina ke kamun kifi da shi. Injinsa tsoho ne, mai ƙarfin doki 15, silinda biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Wata safiya ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi tsami, ko tari injin bai yi ba. Aka ɗoro mini shi a mota zuwa Kano.

Na fara kai shi wurin wani mai gyaran janareta a unguwarmu, kuma nan na tafka kuskure. Ya sa na sayi filogi biyu, shiru. Ya ce koyil ne, wato abin da ke ba filogi wuta, na saya, shiru. Sai ya ce ai CDI ne ya mutu, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar inji, kun dai san kuɗinsa yanzu. Sati biyu ina zarya, kullum da sabon abin da zan saya, ƙanina kuma yana zaune ba sana'a.

Wani abokina ne ya kwatanta mini Baban nan, ya ce ya daɗe yana gyaran injinan masunta. Rumfa ce ƙarama, da duro cike da ruwa a ƙofa. Ya cire filogin, ya jingina su da jikin inji, ya ce yaronsa ya ja igiya. Babu wuta ko a ɗaya. Ya dube ni ya ce, “Malam, filogi biyu ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. In wuta ta ɗauke a duka silindan, abin da suka yi tarayya a kai za ka nema.”

Sai ya bi wayar da ta fito daga maɓallin kashe inji, wancan da ake maƙala wa igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, ya zare wayar. Aka sake ja. Wallahi sai ga wuta shuɗiya tana tas-tas! Ashe aikin maɓallin shi ne ya karkatar da wutar zuwa jikin inji don ya mutu. Ruwa ya shiga maɓallin, ya yi tsatsa, ya zama kullum a kashe yake. Ko minti goma ba a yi ba. CDI ɗin da aka yi wa jana'iza kuwa lafiyarsa ƙalau.

Na ce, “Baba, tayar mana da shi mu ji.” Ya ƙi sai da aka tsoma ƙafar injin a duro. Ya ce robar da ke jan ruwan sanyaya inji ƙonewa take nan da nan in aka tayar a bushe. Ya nuna mini ruwan da ke tsartuwa ta baya, ya ce duk ranar da ba mu gan shi ba mu kashe. Kuɗin da ya karɓa bai kai na filogi da koyil ɗin da na yi asara ba. Na dawo gida ina ta sa masa albarka.

To, ga inda raina ya ɓaci. Kwana uku da mayar da injin, ƙanina ya kira ni muryarsa na rawa. Ya nufo gaɓa, ya danna maɓalli, inji ya ƙi mutuwa. Ya fizge igiyar maɓallin, a banza. Sai da ya zare tiyon mai ya ja cok, wato abin da ke toshe wa inji iska, kafin injin ya tsaya, ga yara suna wanka a bakin ruwa. Ashe Baba bai canza maɓallin ba, wayar ya naɗe da salatif ya bar ta a zare, kuma bai ce mini uffan ba. Tun hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a 2021 ba na wasa da lamarin ruwa. Da ƙanina ya faɗa ruwa, haka kwale-kwalen zai yi ta gudu ba kowa a kai.

Na koma na same shi. Ya ce wai ya ɗauka na gane, tunda a gabana ya zare. Ni ina na san wannan? Ban ɗaga murya ba saboda furfurarsa, amma ya ga fuskata. Ya aiki yaro cikin kasuwa ya samo wani maɓallin, ya ɗaura, bai karɓi kuɗin aiki ba. Kuɗin motar kawo injin daga Tiga karo na biyu dai daga aljihuna ya fita, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Gano matsalar wuta kam ya iya, ban ga kamarsa ba, kuma in ta sake tasowa wurinsa zan koma. Sai dai ba zan ɗauki injin ba sai an tayar da shi a duron nan na fizge igiyar da hannuna na ga ya mutu.