Wata 14 ina zuwa sashen kunne saboda ƙarar da ba ta yankewa

Shekara tara na yi a kan injin markaɗe, ban taɓa toshe kunne ba. Na bar aikin, amma ƙarar ta biyo ni gida: wani siririn kuka kamar na gyare a kunnen hagu, ba dare ba rana. Bayan isha'i, in gari ya yi tsit, a nan yake fin cin rai. Na ɗiga man zaitun, na sha rubutu, wasu har cewa suka yi iska ce.

A ƙarshe na je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibiti a Kano. Aka sa mini abin ji a ka cikin wani ɗan ɗaki, duk sautin da na ji in danna maɓalli. Da matar da ta yi mini gwajin ta duba takardar sakamakon sai ta ce, "Malam, ba mu da maganin da zai kashe ƙarar nan. Ƙwaƙwalwarka za mu koya wa ta daina kula ta." Wallahi raina ya ɓaci, na zaci sallamata take yi.

Hanyar ana ce mata TRT, wato horon sabawa da ƙarar kunne, wani masani Pawel Jastreboff ne ya fito da ita wajen 1990. Kashi biyu ce: bayani da kuma sauti. Bayanin ya fi yi mini amfani. Ta zana mini kunne a takarda, ta nuna yadda tsoro ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙe ƙarar kamar wani haɗari. Ta ce wanda gidansa ke bakin titi ai ba ya jin motoci, sai baƙo. Sautin kuma ba a ƙure shi ya danne kukan, ƙasa-ƙasa ake sa shi su gauraya. Ni da farko ƙurewa nake yi, ta gyara mini.

Na'urar da ake maƙalawa a kunne ta fi ƙarfin aljihuna, sai na koma ga fanka da sautin ruwan sama a waya. Layi ma akwai shi, sau biyu ana ɗage mini rana ba tare da an sanar da ni ba, ga kuɗin mota.

Wata biyar na farko ban ga komai ba. An ce mini daga shekara ɗaya zuwa biyu ake ɗauka, kuma ba kowa take yi wa daidai ba. Gyaren yana nan har yau, amma ina barci, kuma jiya sai da na idar da asuba na tuna da shi.