Sharhi kan sauya kujerar mota da relinta, bayan wata biyar ina hawa

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, kuma tun da na saye ta soson kujerar direba ya riga ya mutu, har ta kai ina jin ƙarfen da ke ƙasa a duk lokacin da na faɗa rami. Aikina yana kai ni Zariya sau uku a mako, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 daga Kaduna, kuma kafin in wuce Jaji bayana ya fara ciwo. Wannan ne ya sa na yanke shawarar sayen sababbin kujeru guda biyu na gaba, irin waɗanda ba kamfanin motar ya ƙera ba, masu tudu a gefe da gefe domin su riƙe cinya da haƙarƙari, tare da relin da suke gudu a kai.

Game da kujerun kansu ba ni da dogon bayani. Na samo su a wani shagon kayan mota da ke cikin gari, na zaɓi na yadi na bar na leda, domin duk wanda ya taɓa zama a kan leda a watan Afrilu bayan mota ta yini a rana ya san dalili. Sosonsu yana da tauri, kuma a makon farko na ɗauka na yi asarar kuɗina, amma daga baya na fahimci cewa taurin ne yake hana baya lanƙwashewa a doguwar tafiya.

Inda aikin yake shi ne ƙarƙashin kujera, wurin da ido ba ya gani. Kujerar asali tana zaune ne a kan noti huɗu da ake kwancewa da sifana mai lamba 14, kuma ramukansu suna kan wuraren da aka ƙara wa kauri a daɓen motar. Sabuwar kujera kuwa ramukan relinta ba su dace da waɗannan ba, saboda haka dole a sami wani firam na ƙarfe da zai shiga tsakani, ƙasansa ya hau ramukan mota, samansa kuma ya ɗauki relin. Mai shagon ya ce relin nasa yana shiga kowace mota, wanda a aikace ma'anarsa ita ce ba ya shiga ko ɗaya sai an yi masa ƙari.

Mai waldar da na fara kai wa ya duba, ya ce da ni, "Alhaji, ka bari in ɗana shi da walda a jikin daɓen, minti talatin ka tafi." Na ƙi, domin ƙarfen daɓen mota siriri ne, wuta tana cinye shi, kuma daga baya tsatsa takan biyo bayan waldar, ga shi in an manne kujera babu sauran cire ta sai da yanka. Sai na nufi Panteka, kasuwar maƙera da ke Kaduna, inda wani dattijo ya aza kwali a kan ramukan asali, ya yi musu alama da alli, sannan ya yanko firam ɗin daga ƙarfe mai kauri bisa wannan ma'auni. Ya yi amfani da notocin motar na asali a ƙasa, a sama kuma ya sa masu lambar 8.8 a kansu, wadda ke nuna ƙarfin notin, ya nuna mini lambar da yatsa, ya ce kada in yarda da wanda ba shi da rubutu a ka.

Duk da haka gwajin farko bai yi ba. Kaurin firam da na reli sun haɗu sun ɗaga kujerar da kusan yatsu uku, cinyata tana gugar sitiyari, kuma idan na taka birki gwiwata tana bugun ƙasan allon gaba. Na ce masa, "Baba, wannan ai sai dai yaro ya tuƙa." Ya yi dariya, ya sake kwancewa, ya rage ƙafafun firam ɗin, abin da ya ci mana yini na biyu. Wani abin da ya kamata mai saye ya lura da shi shi ne ko relin yana kulle ɓangarorin biyu ne ko ɗaya. Nawa yana kulle duka biyun da hannu ɗaya mai kama da baka, amma idan ba a ɗaure layukan biyu daidai wa daida ba, ɗaya zai kama ɗaya ya saki, sai ka ji kujera tana motsi idan ka ja birki. Sai da aka sassauta, aka daidaita, aka shafa giris, sannan na ji ƙarar kamawar biyun a lokaci guda.

Makullin bel ma yana jikin tsohuwar kujera ne, ba a daɓe ba, don haka sai da aka yi masa kunne na musamman a jikin firam, aka mayar da shi da notinsa na asali. Wannan ba don tsoron jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ba ne kawai, waɗanda suka fara tilasta ɗaura bel tun 2003, a'a, a lokacin karo kaso mai yawa na nauyin mutum a kan wannan kunnen yake sauka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kujerar fasinja. A ƙarƙashinta akwai wayoyin na'urar da ke auna nauyin wanda ya zauna, wadda jakar iska take dogara da ita. Mun cire kan batir, mun jira fiye da daƙiƙa 90 kafin a taɓa soket ɗin, amma da aka ɗora sabuwar kujera aka tayar da mota, sai jar fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa. Mai gyaran wuta ya ce zai iya kashe fitilar da wata 'yar dabara, na tambaye shi ko jakar za ta yi aiki yadda ya kamata, sai ya yi shiru. Tun da uwargida ce ke zama a wurin, na sa aka mayar da tsohuwar kujerar fasinja, masu ɗinki suka sake mata soso da yadi mai launin sabuwar, aka sa kwamfuta aka goge fitilar.

Yanzu ina zuwa Zariya in dawo ba tare da ciwon baya ba, kuma kujerar ba ta girgiza ko a kan gargada. Shiga da fita sun ɗan yi wuya saboda tudun gefe, musamman ranar Juma'a idan na sa babbar riga. Bayan mako biyu na koma aka sake matse notocin, biyu daga cikinsu sun ɗan saki. Kujera ta biyun tana nan a ɗakin ajiya cikin ledarta, domin mai shagon ya ce ba ya karɓar ƙwaya ɗaya.