Kafin ka sauke inji, wane agogon baƙin mai za ka saya?

Allurar agogon da ke nuna ƙarfin baƙin mai ta faɗi a tsohuwar mota, sai gaba ya faɗi tare da ita. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau, agogon ne ke ƙarya. Ni na taɓa sauke inji ɗungurungum saboda sansa ta jabu (sansa ita ce 'yar na'urar jikin inji da ke aika wa agogo ƙarfin mai), aka buɗe aka tarar da mital, wato ƙarafunan da shaf ɗin inji ke juyawa a kansu, sumul.

Shi ya sa nake tare da agogon da ba ruwansa da lantarki. Siririn tiyo ne ke kawo mai daga inji har bayan agogon, ƙarfin man ya miƙar da wani lanƙwasasshen bututu, allura ta motsa. Ba waya, ba batir. Ɗaura shi a ramin da sansa take, bari inji ya yi zafi sosai, sannan ka karanta. Ƙa'idar da bakanikai suka saba da ita: kusan psi 10 (ma'aunin ƙarfin mai) ga kowane juyi 1,000 na inji a minti. Idan ya nuna haka, laifin na sansarka ne, ko agogon motar, ko wayarsu. Idan shi ma ya faɗi, sai a duba ko fetur ya tsinka man, ko rariyar famfo ta toshe, ko mital ya cinye. Aibinsa ɗaya: tiyon roba da ake haɗowa da shi. Zafi na busar da shi, ran da ya tsage mai zai wanke maka ƙafa. Sa na tagulla.

Na lantarki bai da laifi in ya dace da sansarsa. Fitilar gargaɗi kuwa, sai aski ya zo gaban goshi take kamawa.

Inda ake cutar mutane shi ne sansa. Ta kamfanin VDO tana aiki daga ohm (ma'aunin turjiyar lantarki) 10 zuwa 180, yawancin na Amurka 240 zuwa 33. Ka gauraya su, allura ta haukace. Ga kuma zaren da ake murɗa sansa da shi: samfurin 1/8 NPT da 1/8 BSP kamar tagwaye suke a ido, amma ɗaya zare 27 a inci, ɗayan 28, na Volkswagen kuma M10x1. Mai sayarwa ya ce "duk ɗaya ne", juya ka tafi. Jabu kan zo da kwali mai ƙyalli, jikinta ba lamba, ba nauyi a hannu. Kuma kada a naɗe zaren sansa da farin tef, ta nan mai waya ɗaya ke samun at, wato haɗuwar lantarki da jikin inji.